Kamarar ganin zafi da ake maƙala wa waya: ra'ayina a kanta, ni da nake aikin wayarin da sola a Katsina

Salamu alaikum. Abokan sana'a da ma masu gidajen da nake wa aiki sun dame ni da tambaya a kan 'yar kamarar nan da nake soka wa a gindin wayata in haska akwatin bireka ko faifan sola hoto ya fito ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, wace iri ce, nawa take, tana da amfani ko dai kayan gayu ne, wasu ma har cewa suke wai tana gani ta cikin bango. To ga abinda na sani a kanta, da daɗin da rashin daɗin. A taƙaice dai, in kana aikin wuta ko sola ko gyaran waya, wallahi kuɗinka ba su faɗi ba. In kuma so kake ka riƙa auna zazzaɓin yara a gida, kar ka saya, ba aikinta ba ne, zan zo kan wannan.

Ba zan faɗi sunan kamfanin tawa ba don kar a ce talla nake, kuma akwai abubuwan da zan kushe. Abinda ya kamata ka sani shi ne ajinta: 'yar China ce mai bakin USB-C, idonta 256 sau 192 ne, wato ɗigo 49,152 kenan kowane ɗaya yana auna zafin inda ya kalla, tana sabunta hoto sau 25 a daƙiƙa, kuma takardarta ta ce tana aunawa daga digiri 20 ƙasa da sifili har zuwa 550. Kamfanoni irin su InfiRay da Topdon da UNI-T duk suna da kaya a wannan ajin. FLIR ta Amurka ita ce mai tsohon suna a harkar, amma ƙananan nata na waya akwai mai 80 sau 60, ɗigo 4,800 kacal, akwai mai 160 sau 120, kuma saurin hotonsu bai wuce 9 a daƙiƙa saboda dokar fitar da irin wannan kaya daga Amurka. Kuɗin masu 256 ɗin yana yawo ne wajen dala 200 zuwa 300, ka lissafa da canjin ranar da kake karanta wannan, don in na rubuta da naira kafin wata ya zagayo magana ta canza.

Farko dai a cire tsoro. Kamarar nan ba ta harba komai. Kowane abu da ke duniya, bango ne, waya ce, jikin mutum, har ƙanƙara, yana fitar da wani haske da idonmu baya gani wanda ake kira infirared, kuma iya zafin abu iya yawan wanda yake fitarwa. Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya gano shi tun 1800 lokacin da ya raba hasken rana kala-kala ya sa ma'aunin zafi a gefen jan, inda ido baya ganin komai, sai ya ga ma'aunin ya hau. Ita kamarar karɓa kawai take, tana tsinto wanda tsawonsa yake tsakanin maikuromita 8 zuwa 14 ta mayar da shi lamba da launi. Haka ma 'yar bindigar nan da aka riƙa saita mana a goshi a ƙofar banki da asibiti lokacin korona a 2020, da kuma filayen jirgi lokacin Ebola a 2014, har aka riƙa yaɗa cewa tana taɓa ƙwaƙwalwa, babu wannan maganar, karɓa take ba bayarwa ba. Jan ɗigon leza da ke jikin irin ta masu aikin hannu ma saiti ne kawai don ka san inda kake nunawa, shi dai kar a haska shi a idon mutum.

Yanzu abinda ya sa nake sonta. Mu a aikinmu abinda ke ƙona gida da shago yawanci ba wani abu ne babba ba, noti ne ɗaya da bai ɗauru ba, ko waya siririya da aka ɗora wa lodin da ya fi ƙarfinta, ko inda aka murɗa waya biyu aka naɗe da baƙin tef aka tura cikin silin. Wurin da haɗi ya yi sako-sako yana turjiya wa wuta, turjiyar ta zama zafi, kuma lissafin ba daidai-wa-daida yake tafiya ba, in wutar da ke bi ta ninka biyu zafin ninki huɗu yake. Wayar da aka lulluɓe da roba irin PVC da muke sa wa a gidaje iyakarta digiri 70 ne, in ta daɗe sama da haka robar ta bushe ta fara tsagewa, wata rana cikin dare sai dai a ji ana salati. Duk wanda ya ga abinda gobara ta yi wa babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ya san wuta ba abar wasa ba ce, kuma ni duk lokacin da na buɗe akwatin bireka a shago cike da atamfa ko katifa gabana faɗuwa yake. Da can sai dai ka shinshina ko ka kai bayan hannu kusa, yanzu daga nesa kaɗan ina ganin wace waya ce ta fi 'yan uwanta zafi ban taɓa komai ba.

Wani gida a wajen Ƙofar Ƙaura, inbata na ta kashe kanta da an kunna firiza da famfon ruwa, har an gaya wa maigidan batiran ne suka mutu ya shirya sayen sababbi. Na ce Alhaji dan Allah a ba ni dama in duba kafin a kashe kuɗi. Na sa aka kunna komai da komai aka bar shi ya ɗan jima, sannan na haska. Batira huɗu, kawunansu bakwai duk launi ɗaya, shuɗi-shuɗi, na takwas ɗin kuwa robar wayar da ke manne da shi ta yi fari tas a hoto, zafin yana raguwa a hankali in ka bi wayar ka yi nesa da kan batirin, wanda shi ne alamar cewa daga wurin haɗin zafin ke tasowa ba wai wayar ce gaba ɗaya ta yi ƙanƙanta ba. Na juya mashi wayar na ce Alhaji duba nan. Ya ce ikon Allah, to ai ni ban ga komai a wurin ba. Aka kashe, na kwance notin, ƙarƙashinshi duk ya yi kore da fari, na kankare na canza kan wayar na ɗaure tamau, aka sake kunnawa, hoton ya dawo duka takwas launi ɗaya. Batiran nan har yanzu su ke aiki. Kuma wani abu da ban yi zato ba kafin in saye ta shi ne yadda take kashe gardama, mai gida in ya gani da idonshi baya cewa so kake ka ci kuɗinshi.

Amma fa a nan ne zan ja hankali sosai, don nan mutane ke faɗawa rami. Lambar da kamarar ke rubutawa ba kullum take gaskiya ba. A wancan kan batirin, da na saita a kan jan ƙarfen kanshi mai sheƙi lambar da ta ba ni arba'in da 'yan kai ne, da na matsa kan robar da ke gefenshi sai ga ta ta haura tamanin, wuri ɗaya fa. Dalili shi ne ba kowace fata ce ke fitar da zafinta daidai ba. Ana auna wannan daga 0 zuwa 1, a manhajar kamarar da ke cikin waya za ka ga an rubuta alamar ε, emisibiti kenan. Fatar mutum 0.98 ce, baƙin tef na masu wayarin da roba da fenti da katako duk wajen 0.95 suke, shi ya sa yawancin na'urorin nan a 0.95 ake saito su daga kamfani. Amma jan ƙarfe ko alminiyon da ke walƙiya ƙasa da 0.1 yake, wato kusan baya fitar da nashi, sai dai ya maido maka da zafin abinda ke gabanshi, har da naka jikin. Ka tsaya gaban sabon kwanon rufi ko tukunyar silba za ka ga inuwarka tana motsi a hoton. To mutum zai iya haska ƙarfen da zai soya mashi yatsa kamara ta ce mashi lafiya lau. Maganin mai sauƙi ne, in an kashe wuta ka liƙa ɗan guntun baƙin tef a wurin, a kunna, ka jira tef ɗin ya ɗauki zafin ƙarfen sai ka auna a kanshi. Ni yanzu duk inda na haɗa batira ko canjoba ina barin 'yan guntayen tef ɗin nan a kan kowane haɗi don zuwa na gaba.

Abu na biyu launi. Manhajar da kanta take raba launukan, duk abinda ya fi zafi a cikin hoton shi za ta ba ja ko fari ko da digiri 30 ne, kamar dai a ce wane ne ya fi tsawo a cikin yaran makarantar allo, ai ba shi ke nuna ya zama babban mutum ba. Na sha ganin an ɗora hoton soket ya yi jajir ana ta innalillahi, ka duba lambar gefe ka ga 36. Caja ko bireka mai aiki dole ya yi ɗumi. Abinda ake nema shi ne bambanci tsakanin abubuwa iri ɗaya masu ɗauke da lodi iri ɗaya, layi uku ɗaya ya fita daban, bireka shida ɗaya ya fita daban. Kuma dole a auna ana cikin jan wuta, ƙa'idar da masu wannan aikin ke bi ita ce aƙalla kashi 40 cikin ɗari na lodin da aka saba, in ka zo an ɗauke wuta ko an kashe komai ba abinda za ka gani sai akwati mai sanyi.

A kan sola kuwa nan ta fi burge ni. Wata gona a hanyar Batagarawa, famfon burtsatse ya rage ƙarfi, an wanke faifan an sake wankewa ba canji. Da hantsi ya ɗaga sosai na haska su ɗaya bayan ɗaya, sai ga wani faifai kashi ɗaya cikin ukunshi, dogon layi daga sama har ƙasa, ya fi sauran ɗumi. Faifan da muka saba sa wa, masu 'yan gidaje 60 ko 72, wato 'yan murabba'an nan da ke jere a fuskar faifai, an raba su uku ne, kowane kashi da 'yar diyod ɗinshi a cikin baƙin akwatin da ke baya, in kashi ɗaya ya samu matsala wuta sai ta tsallake shi, kuma wanda baya aiki ya fi zafi don hasken da ya sha bai zama lantarki ba. Ido baya ganin wannan ko kaɗan. A wani faifan kuma gida ɗaya tak ne ya yi fari, na duba sai ga busasshen kashin tsuntsu a kai, wanda ruwan wanki bai ɗauke ba. Irin wannan ɗigon zafin in aka bar shi yana ƙona bayan faifan. Ga ƙurar hunturu da ke taruwa a gindin faifai ta rufe layin ƙasa, ita ma tana fitowa sarai. Sai dai a kula, gilashin sama yana maido da hoton rana da na sararin sama, kar ka tsaya saitin shi sak, ka ɗan karkata, in da hali ma ka haska ta baya ya fi. Kuma kar ka taɓa juya idon kamarar ya kalli rana, yana iya barin tabo a ciki.

Wani abu da ta koya mani game da garinmu: ƙarfin da aka rubuta a bayan faifai an auna shi ne a digiri 25, kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage wajen kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin ɗari. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu iska kanta tana taɓa 40, faifan da aka kwantar a kan kwano ba tazara yana haura sittin cikin sauƙi. Tun da na fara nuna wa mutane hoton faifan da aka ɗaga iska na bi ta ƙasa da wanda aka manna wa kwano, ba wanda ya sake yi mani gardamar kuɗin ƙarfen ɗagawa. Haka batira, waɗanda ake turawa ɗan lungun da ba taga kusa da inbata, batirin ruwa in zafin wurin ya ƙaru da kamar digiri 10 sama da 25 kwanansa rabewa biyu yake.

To maganar gani ta cikin bango, a'a. Fatar abu kawai take gani. In waya ta yi zafi sosai a cikin bango har zafin ya fito kan filasta za ka ga alamar layi, iyakarta kenan. Ko gilashin taga ba ta ratsawa, mai tabarau ma idanunshi baƙi suke fitowa, shi ya sa idon kamarar ba da gilashi ake yin shi ba, da wani ma'adani ne jamaniyom ko makamancinshi, kuma yana cikin abinda ke sa ta tsada. Murfin akwatin bireka ma sai an buɗe. Ba ta nemo ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ba ta nemo zinariya, na faɗi haka ne don an tambaye ni da gaske. Cikin duhu dai tana ganin mutum ko akuya a tsakar gida, amma idonta mai faɗi ne ba na hangen nesa ba. Manhajojin nan kuma da ake saukewa kyauta wai suna mayar da kamarar waya ta ganin zafi, ƙarya ce tsagwaronta, launi kawai suke shafa wa hoto.

Zazzaɓi. Wata Hajiya da na je duba mata firiza ta ce ɗan nan dan Allah haska mani jikana tun jiya jikinshi da ɗumi. Na ce Hajiya ki yi haƙuri wannan ba za ta gaya mana gaskiya ba, a samo ma'aunin asibiti ko a kai shi a duba. Ba rowa na yi ba. Takardar kamarar da kanta ta ce tana iya kuskuren digiri 2 sama ko ƙasa, to tsakanin lafiyayye mai 37 da mai zazzaɓi 38 digiri ɗaya ne, kaga kuskurenta ya fi abinda ake nema girma. Ga shi fatar goshi tana bin yanayi, wanda ya shigo daga rana a kan babur daban, wanda ya yi alwala yanzu ko ya taso daga gaban fanka daban. Kamarorin da aka yi don tantance mutane na musamman ne, lungun ido kusa da hanci suke aunawa, kuma ana aje masu wani abu mai sanannen zafi a cikin hoton suna daidaita kansu da shi. Yaro da zazzaɓi a ƙasar da maleriya take ba wurin gwaji da kayan wayarin ba ne. Masu kaji ma su sani, za ta nuna maka inda ɗumi ya taru da inda sanyi ke shigowa a ɗakin 'yan tsaki, wannan tana yi da kyau, amma zafin iska ba ta aunawa, ma'aunin da ke rataye yana nan da aikinshi.

Abubuwan da ke ba ni haushi da ita. Wuyan nan na USB siriri ne, kullum ina tsoron ranar da zai karye a kan tsani, kuma in wayarka na da kauri a riga sai ka tuɓe rigar kafin ta shiga. Na sayi 'yar igiyar ƙari, ta taimaka, har tana ba ni damar leƙa bayan inbata. Tana shan cajin waya sosai. A kan rufi da tsakar rana fuskar waya ba ta ganuwa, wayar kanta ta yi zafi ta fara gargaɗi, dole in riƙa ɗaukar hoto in sauko inuwa in duba. Manhajar Turancinta a karkace yake, ba Hausa, kuma tana neman izinin abubuwan da ban ga haɗinsu da auna zafi ba, na hana ta kuma ta ci gaba da aiki. Wasu wayoyin sai ka shiga saiti ka kunna OTG, wanda ke ba waya damar karɓar abinda aka soka mata, da hannu in ba haka ba ko motsi ba za ta yi ba, mutum ya zaci lalatacciya aka sayar mashi. Ƙarar ƙyas da take yi lokaci-lokaci hoto ya ɗan tsaya, wannan ba matsala ba ce, wani ɗan marufi ne ke rufe idon tana daidaita kanta. Sannan ba ta da abin murɗa saiti, in ka matso kusa sosai hoto ya dushe, don haka 'yan uwa masu gyaran waya da ke son gano inda ya yi shot a kan bod su tabbatar sun sayi mai zuwa da ƙaramin gilashin kusa, in ba shi ba wahala za su sha.

Wanda kuɗinshi bai kai ba, 'yar bindigar auna zafi ta masu aikin hannu ma tana rage hanya, ina da ita tun kafin wannan. Bambancin shi ne ita lamba ɗaya take ba ka, sai ka riga ka san inda kake zargi, kuma yawancinsu 12 bisa 1 ne, wato in ka tsaya nisan santimita 120 da'irar santimita 10 take haɗawa ta ba ka matsakaici, noti ɗaya mai zafi sai ya ɓace a cikin sanyin abinda ke kewaye da shi. Kamarar kuma ita ke nemo maka wurin da ba ka ma yi tunani ba. Duk da haka ba ta maye gurbin kilam mita ba, wato mitar da ake maƙala wa wayar wuta a auna wutar da ke bi, ita ta nuna ina, mita ta gaya maka nawa ke bi, sannan ka yanke hukunci.

In za ka saya, ka tambayi ainihin ɗigon idon ba wanda manhaja ta ƙara ba, don wasu na rubuta babbar lamba a kwali alhali idon ƙarami ne. Ka tabbatar bakin ya dace da wayarka, na Android daban na tsofaffin iPhone daban. Kuma ka gwada a gaban mai shagon kafin ka biya: ɗora tafin hannunka a bango ka ɗauke, ya kamata ka ga sawun yatsu biyar sarai, sannan a kawo kofi cike da ƙanƙara da ɗan ruwa a motsa, ta nuna kusa da sifili, in ta kauce da fiye da digiri 2 ka ce a canza maka wata.